Yajin Yayata a Bakura

Wata malama Kirista da muke koyarwa tare a Talata Mafara ce ta ara mini littafin. Labarin wasu ma'aurata ne a ƙasar Japan, an juya shi da Turanci. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. Gida ɗaya suke, amma shekara da shekaru ba mai yi wa wani maganar da ta wuce sannu da na gode. Takalmansa a bakin ƙofa ne ke gaya mata ya dawo. Na karanta raina na tafasa, don ni mace ce da ko kaza ta taka mini shanya sai unguwa ta ji.

Da littafin a jaka na tafi Bakura sunan jikan Gwaggo. Bayan an watse, muna zaune tsakar gida muna wanke-wanke, bakina da ba ya rufuwa ya kwashe labarin kaf ya zuba musu da Hausa.

Gwaggo ta saki kwanon da ke hannunta. "Ke ɗiyag ga! Matag ga ba ta da gidan uba na? Mi ya hana ta yin yaji?"

Na ce a littafin dai ba yaji, ba biko. Ba ta tafi gida ba, balle mijin ya biyo ta da ban haƙuri.

Nan fa wuri ya kaure. Matar Baffa ta ce mijin ne mugu, gara mai faɗa da mai shiru. Wata maƙwabciya ta ce a'a, matar ce ta ƙoshi, tuwo ya yi mata yawa. Mai jego ma ta leƙo daga ɗaki ta ce ƙarya marubucin ya shara, harshe da haƙori ma ana saɓawa, wane aure ne ba a jin kansa?

Gwaggo ta ce, "Akwai shi mana. Ga na yayarku nan, amma nata na albarka na."

Duk muka juya ga Yaya. Ita ce babbarmu, tana aure a Janbako ta ƙasar Maradun, har ta aurar da 'ya. Da aurenta ake yi mana gori tun muna 'yan mata, don ba a taɓa kawo ƙararta ba, ita ma ba ta taɓa kawo ta kowa ba. Tana ta cuɗa tukunya, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni, "Daga ƙarshe ya lura da ita?"

Na ce har littafin ya ƙare ban ga wurin ba.

Kowa ya kama hanyar gida, Yaya ba ta ɗaure kayanta ba. Ta sami Baffa, wanda shi ne ubanmu tun rasuwar Baba, ta ce ta yi yaji. Baffa ya yi salati. Ya tambaya ko dukanta aka yi, ta ce a'a. Abinci ko sutura? A'a. "To, mi yay yi miki?"

"Bai yi mini komi ba, Baffa. Shi na abin. So nike in gani ko ya biyo ni."

Mun yi shekaru muna yaba shirun gidan nan, ashe ba wanda ya taɓa tambayarta me ke cikinsa. Gwaggo kuwa ta sa ni gaba, wai ni da littafin mutanen da ban ma san inda suke ba na zo na kashe aure mai kyau. Ban bar mata ba, na ce littafi ba ya fasa tulun da bai tsage ba.

A wurinmu biko ba ya daɗewa. Ko mijin bai zo ba, zai turo amininsa ko wani dattijo. Na ƙi komawa Mafara. Yaya ta yi kitso, ta sa lalle, abin da rabona da ganinta da shi tun aurena. Ko wane mashin ya tsaya a ƙofar gida sai ta gyara ɗankwali, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Tausayinta ya hana ni sakewa, haushin mijinta ya hana ni cin abinci.

Sai da mako ya zagayo mijin Yaya ya iso. Muka laɓe bayan zaure ni da ita, tana riƙe da hannuna gam. Suka gaisa da Baffa, gida, gona, iyali, bisashe, har na ƙosa. Baffa ya yi gyaran murya ya ce to, ga 'yarsa ta yi yaji, yana so ya ji ta bakinsa.

"Yaji kuma, Baba? Wa yay yi yaji?"

"Matarka mana."

"Subhanallahi! Ni na ɗauka hidimar suna ta ba a ƙare ba. Irin shinkahwa niz zaka saye, nic ce bari in biyo in gaishe ku."

Wallahi ba wasa yake ba. Na yunƙura zan faɗa zauren in wanke shi tas, Yaya ta janyo ni baya. Baffa ya shigo yana kame-kame, ya tambaye ta me zai ce masa.

Ta ce, "A ce mishi hidimar ba ta ƙare ba."

Baffa ya koma ya faɗa masa. Muna ji ya ce, "To, ba komi, Allah shi sa a gama lahiya." Ya ɗaure buhunsa na irin shinkafa a bayan mashin ya tafi.