Ƙuri'u Biyu da Koren Biro

Ina shekara goma sha shida aka ɗauke ni a wani shiri na mako guda lokacin hutun zafi, inda ake tara 'yan sakandare su kafa majalisar kwaikwayo, su kwana a wuri ɗaya, su koyi yadda ake mulki. A unguwar Darrasa ta Alƙahira muke zaune, a hawa na uku na wani tsohon bene bayan shagunan littattafai. Karatu ne ya kawo Baba Alƙahira, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Da kansa ya raka ni masaukin a Zamalek, yana ta jaddada mini a cikin tasi cewa in riƙe bakina. Ya san 'yarsa. Tun ina ƙarama ba a kayar da ni a musu, ko da ni ce marar gaskiya.

Mu arba'in da ɗaya ne: Masarawa, 'yan Sudan, 'yan Somaliya, da tsirarun irinmu. Aka raba mu jam'iyya biyu, aka rataya wa kowa kati a wuya. Yarinyar da aka haɗa mu ɗaki doguwa ce, marar yawan magana, katinta ya ce daga Sudan take. Da Larabci muka gaisa. Sai da na buge ƙafata da gado na ce "wayyo Allah" ta juyo ta ce, "Sannu. Ashe 'yar gida ce."

Kakannin kakanninta ne suka taso daga ƙasar Hausa za su hajji a ƙafa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ya koro su zuwa Masar, suna haya a Hadayek el-Maadi, mamanta na yi wa amare lalle. Hausarta irin ta tsofaffi ce, na yi ta tsokanarta cewa da kakata nake kwana. Ita kuma ta ce ni rediyo ce, ba a san inda ake kashe ni ba. Kwano ɗaya muke cin ful, dafaffen waken Masar, da safe. Birona ya ɓace tun rana ta biyu, sai muka koma amfani da nata, wani koren biro da ba wanda ke da irinsa a zauren.

Ranar Laraba aka ce kowace jam'iyya ta tsayar da wanda zai nemi shugabancin majalisa. Tawa ta tsayar da ni saboda baki. Tata ta tsayar da ita saboda duk ƙudurin da suka kawo ita ta rubuta shi, kuma ita ce ke sasanta su in sun kaure. Wanda ya ci za a ba shi takardar yabo mai hatimi, irin wadda masu ba da tallafin karatun jami'a ke dubawa. Ta taɓa gaya mini, muna shanya hijabai a kan rufi bayan la'asar, cewa in ba tallafi to karatunta a sakandare zai tsaya. Ni kuwa Baba ya riga ya san inda zai kai ni. Na sani sarai, ba zan ce ban sani ba.

Malamar da ke kula da mu, wata Bamasariya mai kuzari, ta ce kowace ta fito ta faɗi abin da ya sa ta fi abokiyar takararta. Nan muka ba ta mamaki. Ƙawata ta tashi ta yi minti uku tana yabona. Ni ma da na tashi, duk bakin nan nawa, na kasa cewa na fi ta, sai na yabe ta. Malamar ta dafe kai ta ce ba a taɓa yi mata irin wannan kamfe ba. Ba mu iya yi mata bayanin alkunya da Larabci ba. A gidajenmu ko nama aka miƙo maka sai ka ce ka ƙoshi tukuna, balle ka nuna kanka da yatsa.

Da safen zaɓe, muna kan kwanon ful, ta ce, "Ke, ni fa ba zan iya rubuta sunana ba. Hannuna ba zai yi ba."

"Ni ma haka," na ce.

"Khalas, shi ke nan, ki sa ni, in sa ki. Sauran su raba mana gardama."

"Tamam," na ce, har da sa hannuna cikin nata.

A layi ita ce gabana. Ta shiga bayan labule, ta fito, ta miƙo mini biron. Da na shiga na tsaya ni da 'yar farar takarda, sai na fara lissafi. Na san ƙuri'un sun yi kusa. Na hango kaina a kan doguwar kujerar nan da gudumar katako a hannu, Baba na kallo. Na ce a raina ai wasa ne, kuma ƙuri'ar asiri ce, wa zai sani? Na rubuta sunana da sauri, na ninke takardar har sau huɗu.

Abin da ban sani ba shi ne yadda ake ƙirgawa. Don a koya mana zaɓe na gaskiya, malamar sai ta buɗe kowace takarda, ta ɗaga ta sama kowa ya gani, sannan ta karanta. Rubutun biro shuɗi, baƙi, shuɗi. Mai koren rubutu ta farko ta fito da sunana, cikin rubutun ƙawata mai kyau. Can kusa da ƙarshe koriya ta biyu ta fito, da sunana ita ma. A duk zauren mutum biyu ne kawai suka san ma'anar wannan, kuma muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Na ci da ƙuri'a ɗaya. Da na cika alkawari, ita ce za ta ci da ƙuri'a ɗaya.

Ita ta fara tafa mini. Na so ta zage ni, don in zagi ne na iya ramawa. Ranar rufe taro ma ita ta gyara mini hijabi, ta ce allurar ta karkace. Na hau kujerar, na buga gudumar, na karanta jawabin da rabinsa ita ta gyara mini tun kafin zaɓe. Ban ji daɗin ko kalma ɗaya ba.

Iyaye sun zo. Baba bakinsa har kunne, ya riƙe takardar yabon da hannu biyu. Na gabatar masa da ƙawata da mamanta, suka gaisa da Hausa, yana ta murnar jin tsohuwar Hausarsu. Ƙawata ta rusuna ta gaishe shi.

"'Yata, ke ce kuka kara da wannan mai bakin?" ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Na san dai ke ta zaɓa, ke ma ita kika zaɓa. Namu ba sa zaɓar kansu."

Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina jira ta faɗa, ko ta yi shiru irin shirun da Baba zai gane.

"Haka ne, Baba," ta ce. "Biro ɗaya ma muka yi da shi."

Baba ya yi dariya, ya dafa kaina. A bakin ƙofa na ciro biron daga jaka na miƙa mata, na ce, "Ki yafe mini." Ta dubi biron, ba ta karɓa ba.

"Ma'alish, ba komai," ta ce. "Riƙe shi. Ni ba ni da abin rubutawa yanzu."

Ta bi mamanta suka nufi tashar metro. Na sha ɗaukar waya in kira ta, in ajiye. Na ji daga baya cewa tana taya mamanta yin lalle. Takardar yabon tana bangon falonmu har yau, Baba ya sa mata gilashi, kuma duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda 'yarsa ta ci zaɓe ba tare da ta zaɓi kanta ba.