Shirun da Aka Yi Mini a Bayan Nyanya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da direban ofishinmu da wani abokin aiki da ya yi barci tun ba mu fita gari ba. Aikina auna ƙara ne. Idan kamfani zai yi babban gini, doka ta ce sai an fara auna hayaniyar wurin, a ga ko zai ɗauki ƙari. Wannan karon rukunin gidaje za a gina a bayan Nyanya, kuma tifofin aikin ta jikin wata 'yar makarantar firamare za su riƙa bi. In awo ya nuna ƙarar ta riga ta yi yawa, dole kamfanin ya gina wa makarantar katanga mai tare sauti. In bai nuna ba, shi ke nan.

A Tafa muka karya da burodi da wani shayi da sukarinsa ya fi ganyensa yawa. Da muka shiga Abuja abokin aikina ya sauka a Kado wurin 'yan'uwansa, yana ta yi mini kurin kifin da zai ci. Mu kuwa muka faɗa cunkoson Nyanya har ƙafar direba ta gaji da taka birki. Ya ajiye ni da jakata, ya ce sai jibi.

Ina kafa na'urar auna ƙara a gefen makarantar mutane suka taru. Wani dattijo mai shagon tireda, mutumin Katsina, ya tambaye ni ko hoto zan ɗauka. Ga gajiya, ga sauri, sai na yanke masa magana: "Baba, aikin hukuma ne. Don Allah kada a yi surutu kusa da ita."

Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Nan take kowa ya watse. Wuni biyu na yi a kan benci a gindin mangwaro, ban samu ko mai ce mini sannu ba. Mata in sun zo wucewa sai su sassauta murya. Mai abinci ta kawo shinkafa da wake, ta dire a gabana, ta koma da sanɗa. Na ci ni kaɗai. Kewar gida ta kama ni sosai, na ce a raina lallai gaskiyar mutane ce, a Abuja ba mai kula kowa. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne lambobin na'urar, don ƙasa-ƙasa suke, kamar ba a Nyanya nake ba. Amma na rubuta abin da na gani.

Da la'asar ta rana ta biyu, ina naɗe kaya, malamar makarantar ta matso, muryarta a dishe.

"Oga, aiki ya yi kyau? Baba ya ce kowa ya yi shiru. Mai markaɗe ya kashe inji, 'yan acaɓa suna bi ta baya, har direbobin manyan motoci an roƙe su sun canza hanya. Wallahi kwana biyun nan ne kawai yarana suke jin abin da nake faɗa."

Na nufi shagon dattijon, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya dafe kai.

"Haba ɗan nan, ai da ka faɗa! Mu baƙo muka girmama."

Na kira maigidana na ofis a waya na gaya masa. Ya ce lambobin sun yi kyau, in dawo kawai. Washegari da direba ya zo na ce ya tafi, zan sake awon sannan in biyo shi.

A wannan rana ta uku unguwa ta koma yadda take. Manyan motoci na gurnani har tagogin aji na karkarwa, injin markaɗe na kuka, malama tana ɗaga murya tana tari. Lambobin suka haura sama. Dattijo ya ja ni can nesa da na'urar, ya miƙo mini kwanon fura, muka yi hira da ƙarfi kamar masu faɗa.

Kashegari a tashar Nyanya na shiga motar haya, na'ura a kan cinyata, ba wanda na sani. Na isa Zariya ana kiran magariba. Na miƙa awon duka biyu tare da bayanin abin da ya faru, kuma har yau ban san wanda za a ɗauka ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara da shekaru ina auna hayaniyar mutane, ban taɓa zama na gaya musu dalili ba. In aka ƙi gina wa yaran nan katanga, ba kamfani zan fara zargi ba. Ni ne na ce a yi shiru.