Kambas Ɗin da Mama Ta Wanke

Mujallarmu ta takalman kambas fitowa tara ta yi a duniya, kuma mu biyu muka yi ta, ni da abokina. Shi ke ɗaukar hoto, ni nake rubutu. Ba mu taɓa yin ofis ba. A bayan shagon kawuna muke zama, cikin kasuwar Karu, tsakanin dilolin gwanjo. Nan ma muka fara haɗuwa, ranar da aka fasa wata dila, ya riƙe ƙafar dama na riƙe ta hagu, kowa ya ƙi saki.

An yi mana dariya, kuma ban ga laifin kowa ba. Kawuna, Bakatsinen da bai san wani takalmi ba sai sau-ciki, ya tambaye ni ko duk faɗin Abuja mun rasa abin rubutawa ne sai abin da ake tuɓewa a ƙofar masallaci. A fitowar farko kuwa muka tafka wauta, muka sa hoton kambas a kife a bangon mujallar, tafinsa na kallon sama. Duk ɗan kasuwar da muka miƙa wa sai ya ɓata rai ya juya mujallar ya kifa ta a kan tebur, don dai takalmin ya daina kallon sama. Ba mu ƙara ba.

Doka ɗaya ce da mu, kuma abokina ne ya kafa ta: ba ma ɗaukar hoton takalmin da aka wanke. Sabo dal a kwali ma babu ruwanmu da shi, ya ce kamfani ya riga ya ɗauki wannan hoton. Shi abin da yake nema shi ne inda takalmi ya je. A Ushafa ya durƙusa gaban wata mai ginin tukwane, ya ɗauki jan yumɓun da ya bushe a igiyar kambas ɗinta. A Kado ya ɗauki na wani mai sauke kifi, ɓawon kifin manne a gefe. Wani attajiri ya taɓa gayyatarmu gidansa, ya buɗe mana ɗaki guda cike da takalman da ba su taɓa taka ƙasa ba. Abokina ya yaba, ya sha lemonsa, bai ko zuge jakar kyamara ba.

Yana da sikila. Ciwon ya ci masa ƙugu, yana ɗingisa ƙafar hagu, shi ya sa dunduniyar hagun kowane takalminsa ke cinyewa ta gefe. Akwai wani farin kambas da yake sawa duk fitar da za mu yi don mujalla, bai taɓa nuna masa ruwa ba. Har ya koma launin da ba shi da suna. Nakan tsokane shi cewa ƙudajen Kado sun san shi, gaisuwa suke zuwa. Sai ya yi murmushi ya ce in bar shi, duk hanyar da muka bi tana jikinsa, shi zai hau bangon fitowar ƙarshe ranar da muka gaji.

Ba mu kai ga gajiya ba. Ya rasu da damina, muna tsakiyar haɗa fitowa ta tara. Na san ba zan iya ci gaba ba, don ni ba ni da idonsa. Abu ɗaya ya rage mini in yi masa: in rufe mujallar da bangon da ya ce.

Bayan addu'ar bakwai na kira mahaifiyarsa a waya, na ce gobe zan zo in ɗauki hoton kambas ɗinsa, za a buga mutane su gani. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Mun daɗe da dokarmu har na manta cewa mu biyu kaɗai muka san ta.

Da na shiga gidan da hantsi, sai na gan su jingine a kan katanga suna shan rana, farare tas. Igiyoyin na rataye daban a kan igiyar shanya. Ga bokiti, ga tsohon buroshin haƙori a gefe. Yumɓun Ushafa, ruwan kifin Kado, taɓon Karu, duk sun bi kwata. Ba zan ɓoye ba, haushi ne ya fara zo mini kafin baƙin ciki.

Na gaishe ta, na yi ƙoƙarin daidaita muryata. Na ce, “Mama, wanke su aka yi?”

Tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta ce, “Ai ka ce mutane za su gani. Tun yana rarrafe ban taɓa barin ya fita gaban mutane da dauɗa ba.” Ta ƙara da cewa, “Gawarsa maza suka wanke, ni ko taɓa shi ban yi ba. Wannan ne kaɗai ya rage da zan wanke masa.”

Na je na ɗaga na hagun don kada ta ga fuskata. Dunduniyar na nan yadda take, a cinye ta gefe, sabulu bai iya mata komai ba. Na mayar da shi kusa da ɗan'uwansa, na juya su ta baya, na fito da kyamararsa da ban iya riƙewa sosai ba. Hoton da na ɗauka a katangar nan shi ya hau bango, kuma a duk fitowa taran shi kaɗai ne wankakken takalmin da muka taɓa bugawa. Takalman a wurinta na baro su.

Ina shirin tafiya ta kira ni. Ta ce idonta ba ya gani sosai yanzu, sau uku ta maimaita wankin, in faɗa mata gaskiya ko sun fita.

Na ce, “Sun fita, Mama.”