Zaren da Inna ta wanke

Babana, Malam Kailani, mahauci ne a kasuwar Tudun Wada, shekara arba'in da ɗoriya yana kan teburi ɗaya. Amma in ka shigo unguwarmu ka ce kana neman Kailani mahauci, sai an tsaya ana tunani. Ka ce Kailani mai ɗauri, ko ɗan acaɓan da ya zo garin jiya zai sauke ka a ƙofar gidanmu. Hannun 'yan dambe yake ɗaurewa. Shi kansa bai yi nisa a damben ba. Ya ce sau huɗu ya shiga fili a rayuwarsa, a na huɗun wani Bazamfare ya zaunar da shi, ya tashi ya kakkaɓe wando ya gane Allah bai yi shi don wannan ba. Daga nan ya koma gefe ya koyi ɗauri a wajen kawunsa.

Ga wanda bai sani ba, da hannu ɗaya ɗan dambe yake bugu. Shi ake naɗe wa ƙyalle, a bi shi da zare mai kauri a ɗaure tun daga yatsu har wuyan hannu. Ɗaya hannun garkuwa ne, a buɗe ake barinsa. In ɗaurin ya yi sako-sako yatsun mutum su karye, in ya matse da yawa jini ya tsaya, hannu ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke cusa abu a ciki, guntun ƙarfe ko fasasshiyar kwalba. Shi ya sa mai ɗauri ba shi da abin taƙama sai sunansa. Baba ya taɓa kwance hannun ɗan ƙanwarsa a bainar jama'a don ya ji wani tauri da bai gane ba, ya zaro ƙwayar boris ta keke. Har yau Gwaggo ba ta gama yafe masa ba.

Ni ce Bahijja, 'yarsa ta uku, malamar firamare. Ban taɓa ganin hikimar ƙarti biyu su tsaya suna jibgar juna ana yi musu kalangu ba, kuma ban taɓa ɓoye masa haka ba. Shi kuma Malama yake kirana, da wata murya da ni da shi muka san tsokana ce.

Damben yanzu ba na kaka ba ne da ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Sana'a ce sosai. Ana sa hannu a takarda, ana ɗaukar wasa a waya, mutanen da ba su san inda Zariya take ba suna kallo. A layinmu akwai Ashraf, bahago, ɗan gidan mahauta, wanda ya bar fawa kwata-kwata ya koma cin abinci da damben. Tun ranar da ya fara shiga fili Baba ke ɗaure masa hannu.

Bara, bayan ƙaramar sallah, aka haɗa Ashraf da wani dogo daga unguwar Gyallesu mai suna Adnan. Ba a daɗe da farawa ba hagun Ashraf ta sauka a muƙamuƙin Adnan, ya zube. Ƙashin ya karye wuri biyu. Aka ɗaure masa baki da waya a asibiti, wata biyu kunu kawai yake zuƙa. Sai wani mara aikin yi ya ɗauki hoton wasan ya rage masa gudu, ya zagaye hannun Ashraf da jan layi, wai ku duba wannan tudun. Kafin kwana uku har a makarantarmu an nuna min, malaman ba su ma san ubana ne ya yi ɗaurin ba.

Yayan Adnan ma'aikacin gwamnati ne. Ya ɗauki lauya ya shigar da ƙarar neman diyya a kan Ashraf, aka haɗa da sunan Baba. Masu shirya wasa suka dakatar da Ashraf har sai kotu ta gama. Baba kuwa babu wanda ya dakatar da shi. Kawai dai in ya je fili ya shimfiɗa buzunsa, 'yan dambe su zo su durƙusa su gaishe shi da ladabi, su tambayi iyali, su wuce su miƙa hannu ga wani. Asabar uku ya yi haka, a ta huɗu ya zauna a gida.

Gaskiya ni murna na yi da maganar kotun. Na ce gara wurin da za a zauna a auna magana a kan bakin duniya da ba ya da linzami. Kuma ban ga laifin yayan Adnan ba, har yau ban gani ba. Ƙanenka yana kwance baki a ɗaure, wa za ka kai wa kuka? Masu shirya wasa da sunan Ashraf suke cika fili. Manyan dambe haƙuri za su ba ka. 'Yan sanda sun ce masa wanda ya shiga fili da ƙafarsa ya shiga. Baba ya so a tara dattawa a zauna kamar yadda ake yi da, na ce masa wannan zamanin ya wuce, yanzu takarda ke magana. Ya ce to Malama, ke kika yi boko. Na je na ɗauko Barista Comfort Kato, ƙawata tun muna karatun jami'a a harabar Kongo.

Comfort ta zo gida ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta tambaye shi ina zaren da ƙyallen wannan rana. Ashe suna nan. Kowane babban ɗan dambe da jakarsa daban a ɗakin Baba, kuma tun da aka kwance hannun Ashraf ba a sake buɗe tasa ba. Comfort kamar ta yi rawa. Ta ce kada kowa ya taɓa, don in an taɓa cusa ƙarfe a ƙyalle sai ya bar shati ko tsatsa ko yagewa, in babu kuwa alƙali zai gani da idonsa. Ni na ji, Baba ya ji. Babu wanda ya tuna ya faɗa wa Inna.

Inna Rauda, mahaifiyata, mace ce da ba ta yarda ko almakashi ya fita gidanta da datti. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne jibi za a kai kayan Ashraf gaban alƙali. Ta jira Baba ya tafi kasuwa ta buɗe jakar. Ta ce warin da ya buge ta sai da ta dafa bango. Gumi ne na wata da watanni, ga jini ya bushe, ga ƙasa. Ta ɗora ruwan zafi ta jiƙa su, ta wanke sau uku da sabulu, ta sa bula, ta shanya. Ƙyallen har guga ta yi masa ta ninke shi gida huɗu. Zaren ta naɗe shi tsaf kamar na saƙar hula.

Da safen ranar kotu ta fito da su a faranti tana murmushi. Comfort ta dube su, ta dubi Inna, ta nemi kujera 'yar tsugunno ta zauna da baƙar rigarta ta lauyoyi ta riƙe kai. Ni kuwa na fara faɗa, na ce garin gyaran gira an tsone ido. Inna ko a jikinta.

"To da wannan ƙazantar za ku shiga gaban alƙali?" ta ce. "A ce gidan Malam ba mace?"

Sai Comfort ta fashe da dariya har da hawaye. Baba ya ɗauki ƙyallen ya shinshina, ya ce ai kuwa ya fita tas.

A kotu lauyan masu ƙara ya samu abin da yake so. Ya ɗaga ƙyallen da yatsu biyu, ƙamshin sabulu ya cika ɗakin, ya yi rabin awa yana Turanci a kan yadda waɗanda ake ƙara suka wanke shaida. Comfort ta miƙe ta ba da labarin yadda aka yi tiryan-tiryan. Na ga alƙalin ya sa hannu ya rufe baki kamar mai tari. Aka ɗage shari'a.

Daga nan muka shiga ɗage-ɗage. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyansu ba ya da lafiya, jibi ma'aikatan kotu na yajin aiki. Duk ranar zama Baba zai bar teburinsa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a benci tun ƙarfe takwas, a kira sunansa minti biyu a ba da wata rana. Ashraf ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku ya yi tumbi. Har wani likita aka ce za a kawo ya yi bayanin ko hannu zalla na iya karya muƙamuƙi, Baba ya ce da sun tambaye shi da ya rage musu wahala, sau goma sha ɗaya ya gani.

Abin da ya fi damuna ranar Asabar ne. Da la'asar in iska ta kawo kiɗan kalangu daga fili, sai Baba ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ɗaure wa tsintsiya kai. Ya ɗaure ƙotar gatari da ba abin da ya same ta. Muciyar Inna ma bai bari ba, ya naɗe mata mariƙi da zare, ƙulli bayan ƙulli, har Inna ta ce tuwo za ta tuƙa ba mutum za ta kashe ba. Kowa ya yi dariya har da ni, amma da na koma gidana kuka na yi. Ni na tura shi kotu, kuma ga shi yana tsufa a gabana.

Na tsare Comfort na ce ta faɗa min gaskiya, yaushe za a gama. Ta ce ba ta sani ba, kuma ko mun ci, abin da takardar za ta ce shi ne masu ƙara ba su tabbatar da zarginsu ba. Ta tambaye ni ɗan dambe nawa ne zai karanta wannan ya miƙo hannu. Ta ce in an cuci Adnan kotu na iya sa a biya shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da kowa, amma abin da Baba yake nema ba ta taɓa ganin an rubuta shi a hukunci ba. Na ji haushinta a ranar, don na so ta yi min ƙarya.

Wata tara ana haka. Wata Asabar bayan azahar ina zaure ina duba littattafan ɗalibaina, Baba na ƙofar gida a kan tabarma, sai na ji sallama da wata murya mai fita ta gefen baki. Na leƙa. Dogo ne ramamme, haɓarsa ta ɗan karkace. Adnan ne, shi kaɗai, ba yayansa ba lauya.

Ya durƙusa ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce ya warke, yau zai koma fili. Ya ce tun yana kwance ya san babu komai a hannun Ashraf, shi ne ya sauke garkuwarsa, ya ga hagun na zuwa ya kasa tarewa. Lokacin bakinsa a ɗaure yake, da aka kwance kuma magana ta riga ta yi nisa, yayansa ya shiga ya fita saboda shi, mutane na yi masa jaje a matsayin wanda aka cuta. Ya ce wannan ya fi masa daɗin ji a kan a ce an buge shi. Lauya kuma ya hana shi ko gaishe mu a kotu. Ya ce zai faɗa wa alƙali haka a zama na gaba, ko yayansa zai yi fushi.

Wallahi na so in fita in wanke shi tas. Wata tara! Na miƙe ma, sai na ga ya miƙa wa Baba hannunsa na dama.

"Baba, kai nake so ka ɗaure min."

Baba ya dubi hannun. Ya kama shi ya juya, ya lallatsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Lauyanku ya san ka zo?"

"Bai sani ba."

"To ba a nan ba," in ji Baba. "A fili, a gaban kowa."

Ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da sabon zare da buzunsa a hammata. Ya kai bakin layi kafin Inna ta biyo shi da takalmansa.

Ni ba na zuwa fili, a waya na gani washegari, kuma na kalla ya fi sau ashirin. Adnan ya ƙi zama a gefe inda ake ɗauri. Ya je tsakiyar fili ya zauna a ƙasa ya miƙe hannu. Makaɗa suka yi shiru. Baba ya shimfiɗa buzu, ya ɗaga ƙyallen ya kaɗa shi ta kowane ɓangare, sannan ya fara naɗi a hankali, kansa a sunkuye. Adnan ya sake shan ƙasa a wannan rana, don har yanzu garkuwar tasa sauka take yi, amma ya tashi da haƙoransa cif yana dariya. Ban damu da wannan ba. Wajen da nake mayarwa shi ne inda Baba ya ja ƙullin ƙarshe ya ɗago kai zai naɗe buzu, sai ya ga mutum uku a tsugune a bayan Adnan, kowa ya nannaɗe hannun riga yana jira. Ya dube su, ya gyara hularsa, ya koma ya zauna.