Butar Kakana Ta Je Mandeliya

Shekarun baya, lokacin da tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in nemi abin da zai riƙa fitar min da gumi. Ni kuwa duk wanda ya san ni a unguwarmu Mardjandafak ya san mazaunina biyu ne, bencin ƙofar shagonmu da tabarmar tsakar gida. Masallaci na bayan gidanmu, kasuwa ga ta nan. Sai in yi wata biyu ban ga kogi ba, alhali garin namu a bakinsa yake.

A gidanmu cewa ake yi gado na yi. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso garin nan sai ya ce zai huta kwana biyu. A cikin hutun nan ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi jikoki, ya rasu bai ƙara gaba ba. Sunansa aka sa min, shi ya sa mahaifiyata ba ta kama sunana, Babana take ce min. In ta fito ta tarar na miƙe ƙafa a tabarma sai ta ce, "Babana, har yanzu kwana biyun ba su cika ba?"

Ina da aboki tun na ƙuruciya wanda yake cikin wata tawagar masu hawa keke. Duk Lahadi da sassafe suke fita, da matsattsun wanduna da hulunan kwano. Shi ya kai ni Ngueli, can bakin iyaka, muka zaɓo keke na hannu cikin waɗanda ake tsallako da su ta gada. Irin mai canjin giya ne, firam ɗinsa lafiya lau, sai dai sarƙar ta yi baƙi ƙirin. Abokina ya zaunar da ni ya koya min wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai kaɗan, a goge sauran da tsumma. Ya ce in na labta mai da yawa yashi zai manne ya cinye ta. Ya koya min duba robar birki, da cire tiyub in yi faci da kaina, da matsa taya da babban yatsa kafin in hau. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Cikin sati biyu ina iya gane ƙarar sarƙar da take son mai da ƙarar feda da ta yi sako-sako.

Ya kuma ce keke kaɗai ba ya isa, sai na haɗa da wani motsin. Ranar da ban hau ba, in yi tafiyar ƙafa, in yi tsallen igiya, in yi ta durƙusawa ina miƙewa. Tsallen igiyar sau ɗaya na yi a tsakar gida, matata ta yi dariya har ta zauna a bakin turmi, na mayar da igiyar wurin shanya. Tafiyar ƙafar ce na riƙe. Nakan taka har unguwar Paris-Congo, gidan yayata. Matsalar kawai, duk zuwan da na yi sai ta ajiye min kwanon tuwo ta ce na rame.

Bayan wata huɗu ina bin su gajerun hanyoyi, sai aka sa ranar doguwar tafiya, Mandeliya, wani gari can kudu da mu, a je a dawo rana ɗaya. Abokina ya ce, "Mutumina, wannan ba ta kowa ba ce. In ba ka shirya ba ka bari sai ta gaba, ba wanda zai ce komai."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma bakina ba ya zama. A gaban mahaifiyata da yayata da matata na ce Lahadi zan je Mandeliya a keke in dawo.

Yayata ta ce, "Mandeliyar da ke bayan Kundul? Ko akwai wata a bayan kasuwa?"

Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "A zuri'armu dai ban san wanda ya faɗi inda za shi kuma ya kai ba. Allah Ya sa kai ne na farko." Wannan maganar ta zauna min a ƙirji fiye da ta likita.

Sai ta ƙara da cewa tafiya ba a yin ta ba sallama. Haka muka taso. Duk wanda zai bar gari a danginmu, ko kwana ɗaya zai yi, sai ya zaga gidajen manya ya yi musu sallama, kowa ya sa masa albarka ya ba shi guzuri. Kuma guzuri ba a mayar da shi, ba a barin sa a gida. Na ce, "Inna, kafin magariba fa zan dawo." Ta ce, "Shi ma Baba haka ya ce."

Ran Asabar na wanke keke, na duba birki, na ba tayoyi iska, sannan na kama zagaye. Gwaggona ta ba ni dabino cikin mudu. Kawuna ya sa aka ƙunso min sharmut, busasshen naman nan. Yayata ta cika min kwano da dambu. Wata kakarmu ta wajen uba ta ba ni dakakken gero da sukari, ta ce in na ji jiri in dama. Ƙuli-ƙuli ma ban san daga gidan da ya fito ba. Abokina kuwa abin da ya lissafa min shi ne gorar ruwa biyu, dabino cikin tafin hannu, famfo da tiyub guda.

Da asuba na yi niyyar in tura kayan ƙarƙashin gado in fice. Ina fitowa na tarar da mahaifiyata zaune a zaure da carbinta, tana jira ta ga an ɗaure. A gabanta na ɗaure komai a kan kariyar bayan keke da robar tiyub. Sai ta ciro wata ƙaramar butar tagulla daga cikin mayafinta, wadda duk rayuwata a saman kwaba nake ganin ta. Ta ce, "Da ita Baba ya taso daga gida. Ita ma ba ta taɓa kaiwa inda aka nufa da ita ba." Na rataye ta a kan kayan.

Da na isa wurin haɗuwa, mutum goma sha wani abu suka juyo gaba ɗaya. Wani ya ce, "Alhaji, tashi kake yi daga unguwar?" Abokina ya matso ya rage murya, "Ya akhuy, ɗan'uwana, mene ne wannan?" Na ce guzuri ne. Ya san gidanmu, don haka ya dai girgiza kai.

Mun tsallake gadar Shagwa lafiya. Gari da sanyi, kwalta shimfiɗe, buta tana ta ƙararrawa a bayana. Ina jin nauyin a cinyoyina amma ina biye da su. Bayan Tukra na faɗa wani rami, sai na ji ƙil, wata 'yar siririyar ƙara daga ƙafar baya. Na ce wa abokina wani abu ya tsinke. Ya ce butata ce. Na ce na san muryar buta, wannan daban ce. Ba mu yi nisa ba na sake jin ƙil, sannan birkin baya ya fara shafar ƙafar, shaf, shaf, shaf, duk juyi ɗaya. Wayoyin nan sirara da ke riƙe da ƙafar keke, waɗanda masu gyara suke kira reyon, biyu sun tsinke, ƙafar ta karkace.

Da ƙyar muka lallaɓa zuwa Kundul. Sauran tawagar suka wuce, abokina ya tsaya da ni. Muka sami wani dattijo mai gyaran keke a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya ce da Larabci, "Da biskilet walla humar?" Wato wannan keke ne ko jaki. Ya kwance kayan ya kifa keken. Ya sa sababbin wayoyi biyu, sannan ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan buga su da sifana yana saurare. Na ce masa ta kusa da bakin iskar muryarta ta fi sauran kauri. Ya sake bugawa, ya ɗago ya dube ni, ya ɗaure ta. Daga nan tare muka ƙarasa, shi yana bugu, ni ina cewa wannan ta yi, wannan da saura. Da ya gama ya ce, "Khalas, an gama. Amma in ka mayar da kayan nan, ba za ka yi nisa ba ka dawo min a ƙafa."

Kusa da shi akwai wata mai shayi da benci. Na zauna aka miƙo min kofi. Inuwa mai sanyi, iska tana kaɗawa, cinyoyina sun yi luf. Wani mai kilando, wato ɗan acaba, ya tsayar da babur ɗinsa ya ce zai mayar da ni gari, ni da keken. Wallahi a wannan bencin na fahimci kakana. Duk shekarun nan ina zaton ragwanci ne. Ashe mutum ba ya cewa ya fasa. Cewa yake yi bari in ƙara kofi ɗaya.

Abokina yana tsaye riƙe da kekensa, bai zauna ba. Ya ce, "Za mu ko ba za mu ba? In ba za mu ba ka faɗa, in raka ka gida."

Na ce matsalata guzurin ne, ba zan zubar ba, ba kuma zan koma da shi ba.

Ya ce, "An ce kar ka mayar, an ce kar ka bari a gida. Wa ya ce kai kaɗai za ka ci?"

Nan take na kwance ƙulle-ƙullen. Dattijo ya karɓi sharmut, mai shayi ta karɓi geron da sukari, dambun muka haɗu da mai kilando da wasu direbobi biyu muka tashi da shi. Dabino na ɗebi cikin aljihu, sauran na bar wa masallacin gefen titi. Butar kaɗai na ɗaure a kariya. Kofi na biyu da aka zuba min, ban sha ba.

Keken ya zama kamar ba shi ba. Mun shiga Mandeliya rana ta take, muka tarar da tawagar har sun huta suna shirin juyowa. Suka yi ta buga ƙararrawa suna cewa ga Alhaji ya sauke kaya. Na je famfon bakin kasuwa na cika butar, na toshe bakinta da leda. Dawowar ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Gindina ya yi kamar ba nawa ba, kuma ni ne na ƙarshe a gada. Amma a kan kekena na shigo unguwa, ana kiran magariba.

Mahaifiyata tana zaure inda na bar ta. Na miƙa mata butar na ce ruwan Mandeliya ne. Ta jijjiga ta ji nauyinta, ta cire ledar, ta tsuguna ta yi alwala da shi. Da ta gama sai ta shafa butar ta ce mata, "To, ke dai kin je kin dawo." Ni ko kallo ban samu ba, sai washegari na ji tana gaya wa gwaggona ta waya cewa na kai Mandeliya, tana maimaitawa har sau uku.

Har yau ina hawa keke, jinin ma ya sauka, duk da benci bai rasa ni ba. Sallama kuwa ban daina ba. Ina zagawa, ina karɓar guzuri, in raba wa tawaga tun a wurin haɗuwa, shi ya sa yanzu su suke tuna min in je in gai da gwaggona. Abu ɗaya ne dai ban sake ba. In mun iso Kundul ina tsayawa in gai da dattijon nan, in sha shayina, amma a tsaye nake sha.