Kwamfutar da Ta Sha Turare

A ƙauyukan bakin kogi da ke kusa da garin Abu Hujar a ƙasar Sudan, in injin ban ruwa ya yi gardama, Sabi'u ake aika wa. Bakanike ne tun yana saurayi, gajere, mai saurin baki, hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai. Hali ɗaya kowa ya san shi da shi: ba ya yarda inji ya mutu. Mai inji ya haƙura, Sabi'u bai haƙura ba, sai ya yini a kai ko abinci bai nema ba.

Yana da wa, Uwaisu, wanda a zamaninsa babu ɗan ƙwallon da ya kama ƙafarsa daga nan har garin Dinder. Tarakta ta kife da shi a gona, ƙafafu suka daina ɗaukarsa. Tun daga nan ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya, ko a rediyo aka sa ƙwallo sai ya ce a kashe. Abin nan ya daɗe yana ci wa Sabi'u rai.

Bayan wutar lantarki ta iso ƙauyen, Sabi'u ya je birnin Sinnar sayen kayan gyara, ya tarar da samari a wani shago suna buga ƙwallo a kwamfuta, da yatsu kawai. Da yatsu! Nan take ya manta abin da ya kai shi. Ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta rungume a cinya, yana ta murmushi shi kaɗai a mota.

Matarsa Zamzam ta karɓe ta kamar baƙuwa. Ta saƙa wa akwatin rufi mai ado ta lulluɓe shi ruf, kuma safe da yamma, in ta gama zagaya ɗakuna da kaskon bahur, turaren nan na sandal da sukari, sai ta tura shi ƙarƙashin tebur ya ƙarasa ci. A gidan Zamzam ko labule sai ya yi ƙamshi, balle abin da aka ɗauko daga birni.

Sai da aka yi watanni ana lallashi kafin Uwaisu ya yarda a ɗauko shi. Ya riƙe abin bugawa, ya fara taɓawa, fuskarsa ta soma sakewa. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya zo gaban raga, sai hoton ya tsaya cak, ya zabura, ya sake tsayawa, kamar mai in'ina. Kafin ya dawo daidai an ƙwace ƙwallon. Haka aka yi ta yi. Uwaisu ya ajiye abin a hankali.

"Ƙafa ta tafi, ashe hannun ma ya bi ta. Halas, shi ke nan, maida ni ɗaki."

"Yaya, wallahi ba kai ba ne, wanga inji ne!"

"Kullum hakanan kuke ce min."

Maganar ta soki Sabi'u, ta kuma tayar masa da tsohon halinsa. Ya shiga cikin wasan ya yi ta zaftare kaya. Ya kashe inuwar 'yan wasa, ya kori 'yan kallo kaf, ya rage kyan hoto har fuskoki suka koma kamar dankali. Ya rufe duk wani abu da ke aiki a ɓoye, ya koma Sinnar ya ƙaro wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Wasa ya yi sauƙi, Sabi'u har da tsalle. Amma da an ɗan jima ana bugawa, sai in'inar ta dawo.

Nan ya tsaya ya yi tunani irin na bakin kogi. Injin da ke tashi lafiya ya gaji daga baya, ai zafi ne ke damunsa. Ya yaye rufin Zamzam, ya ɗora tafin hannu a ƙarfen, ya janye da sauri. Da ya kwance murfin, sai ƙamshi ya buge shi kamar ya shiga ɗakin biki. Hayaƙin bahur ya daskare a 'yar fankar ciki, baƙi, mai danƙo, ƙura ta manne a kai, da ƙyar take juyawa.

"Zamzam! Taho ki ga aikinki! Kin shaƙe ta da ƙamshi!"

Ta leƙa, ta riƙe baki, ta kira shi da sunan 'yarsu Hanaa. "Abu Hanaa, ni mi na sani? Girmama ta nike yi."

Dariya ta ci ƙarfinsu su biyun. Ya sa asuwaki da ɗan fetur ya kankare fankar tas, ya bar akwatin a buɗe, ya ja teburin kusa da randa inda iska ke da sanyi. Ya buga ya buga, ko gezau. Da gudu ya nufi ɗakin wansa, ko takalmi babu.

"Yaya, sau ɗaya tak. In ta tsaya, da hannuna zan jefa ta kogi."

Uwaisu ya yarda don dai a ƙyale shi. Ƙwallo ta yi ta gudu sumul. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu, Sabi'u ya riƙe numfashi, hoton bai tsaya ba. Raga ta girgiza. Uwaisu ya kurma ihun da sai da maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, Zamzam ta saki guɗa, Sabi'u kuwa ya juya baya yana share ido da hannun nan mai baƙin mai.

Uwaisu ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Sabi'u," ya ce, "aika Dinder a kira min Ladan, golan nan nasu mai cika baki. Ka ce mishi na dawo. Kuma ku fitar da ni tsakar gida, ɗakin ga ya yi min kaɗan."