Akuyar da Muka Ajiye wa Ranar Amsa

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka kafa rumfuna a filin makarantarmu, can bayan Gonin Gora inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Tun da sassafe aka tashe mu shara. Mu 'yan mata muka ɗebo ruwa muka yayyafa wa filin, samari suka kwaso bencuna daga coci da tabarmi daga masallaci, matan zumuntar coci kuma suka sha anko suna gwada waƙa a gindin mangwaro. An ce mana baƙi za su zo daga ofishin tsara gari, su ji ra'ayin jama'a a kan babban rukunin gidaje da za a gina a yankinmu. Ni dai abin ya ɗaure mini kai, don ban taɓa ganin an zo da mota neman ra'ayi ba.

Kafin baƙin su iso, Kaka, mahaifiyar babana, ta ja ni gefe. Gonarta tana gangaren rafi, a tsakiyarta akwai wata babbar ɗorawa da ta gada daga mijinta. A gindin ɗorawar nan na yi rabin ƙuruciyata. Da bazara Kaka takan zunguro 'ya'yan da doguwar gora, mu tsince, mu ɓare, mu lashe garin har bakinmu ya koma rawaya, sannan mu wanke kalwar a rafi ta yi daddawa, ta kai bakin titin Abuja ta sayar. Da daddawar nan ake saya mini littattafai, a gindin ɗorawar kuma nake ɓuya in karanta su idan sauran yara suna 'yar gala-gala. Kaka ta riƙe kafaɗata ta ce, "Rahila, ke ce mai idon karatu. In sun buɗe takardarsu, ki duba mini ko sun sa ɗorawata."

Sun zo da farar mota, suka manna wata ƙatuwar taswira a jikin allo. Na lallaɓa ta bayan manya na tsaya a gabanta. Na fara daga sama na bi layi-layi da yatsa kamar yadda nake duba aikin gida. Babu ɗorawa. Babu rafi irin wanda na sani, sai wani siririn shuɗin zare. Babu cocinmu, babu rijiya, babu gidanmu, sai ƙananan akwatuna ja da rawaya da kore a jere. Malam Sani mai gyaran keke, wanda ya taso daga Tudun Wada ya zauna cikinmu, ya leƙo ta kaina ya ce, "Kai, ashe ludo suka kawo mana! A bar mini jan gida, ni zan fara jefawa." Mutane suka yi dariya. Ni kuwa na sake farawa daga sama, don na ɗauka ni ce ban iya dubawa ba.

Aka yi jawabai da Turanci, wani saurayi yana juyawa zuwa Hausa, lasifika tana yankewa tana dawowa. Daga ƙarshe wata mata mai tabarau daga cikin baƙin ta miƙe, da fara'arta, ta ce duk mai tambaya ko ƙorafi ya faɗa yanzu, abin da ya kawo su ke nan. Filin ya yi tsit. Ta maimaita, ta bi fuskoki da kallo har ta zo kaina. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai na ji hannuna yana tashi da kansa. Bai kai kafaɗa ba Mama ta kamo shi ta danne a cinyarta, ta raɗa mini, "Kul! Yau ranar ji ce. Ranar amsa tana zuwa."

Haka al'adarmu take. Babbar magana, neman aure ne ko aron gona, ba a amsa ta ranar da aka kawo ta. Za a saurari baƙo, a ciyar da shi, a raka shi, sannan dattawa su kwana da maganar, sai ya dawo a ba shi amsa. Wanda ya amsa nan take ya nuna bai ɗauki maganar da nauyi ba ke nan. Don haka Mai Unguwa ya miƙe ya gode wa baƙin, ya ce su gai da gida sai sun dawo. Aka kawo shinkafa da kaji, matan zumunta suka taka rawa, aka ɗauki hotuna, matar nan mai tabarau har ta ɗan taya su rawar. Kowa ya tashi yana murna, mu muna ganin mun karɓi baƙi da mutunci, su kuma, yanzu na gane, suna ganin sun gama aikinsu.

Duk daminar nan unguwarmu ta yi ta haɗa amsa. Kowace Lahadi da yamma dattawa sukan zauna a gindin mangwaro, ni kuma in kawo musu ruwa in maƙale ina ji. Sun yarda a bayar da tudun arewa, tunda birni yana girma kuma mutane suna bukatar wurin zama. Amma a bar makabarta, a bar gangaren rafi, a bar ɗorawar Kaka. Babana aka zaɓa ya yi magana, ya riƙa gwadawa a bayan gida yana yi wa kaji jawabi. Aka haɗa hannu aka sayi wata jar akuya da za a yanka ranar amsa, aka ba ni kiwonta. Kullum bayan makaranta nakan yanko mata ciyawa, ta yi ƙiba, ta yi sheƙi. Kirsimeti ya zo, Malam Sani ya tsaya yana kallonta ya ce da babana, "Baban Rahila, wannan akuya ta fi mu gata. Gwamnati ce ke tsaronta." Ba a taɓa ta ba.

Da rani sai ga wasu mutane daban, masu awon ƙasa, suna kafa turakun siminti a cikin gonaki. Ɗaya daga cikinsu a tsakiyar gonar Kaka aka dasa shi. Mai Unguwa da babana suka sa manyan riguna suka tafi ofishin da amsarmu a baki. Da la'asar babana ya dawo, ya zauna bai ko cire takalmi ba, ya ce, "Sun ce an riga an tuntuɓe mu. Sun nuna mana hotuna, ga mu nan muna rawa. Sun ce babu wanda ya yi ƙorafi." Kaka ta ce, "Yaushe aka tuntuɓe mu?" Ya ce, "Ranar da muka dafa musu shinkafa." Ta ce, "To ai ba su dawo ba." Na yi ta juya maganar a raina. Matar nan ta tambaya, da kunnena na ji. Mu kuma ba mu ƙi amsawa ba, jira muke yi. Na nemi wanda ya yi ƙarya a cikin lamarin, ban same shi ba, ga shi kuma gonar tana tafiya.

Katafila ta zo ta share gangaren rafin. Ɗorawar ce kaɗai ta tsira, don ta faɗo a kusurwar wani fuloti, mai gidan kuma yana son inuwa, sai aka zagaye ta da katanga. Akuyar ta haihu, ta sake haihuwa, har wurin kiwo ya ƙare aka sayar da su. Bazarar da mutanen gidan suka tare, Kaka ta ɗauki gorarta, ni da kwando a bayanta, muka ƙwanƙwasa ƙofar. Hajiyar gidan ta ba ta kujera da ruwan sanyi, ta saurari bayaninta, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, sai na yi shawara da Alhaji. Ki dawo gobe." Na zaci Kaka za ta ji zafi. A hanya sai na ga tana murmushi. "Wannan 'yar gidan tarbiyya ce," in ji ta. "Ta san ba a amsawa rana ɗaya." Washegari muka koma, aka ce ta riƙa zuwa duk shekara, kuma ta yi ta zuwa har ƙarfinta ya ƙare.

Yanzu ina jami'a, na iya karanta taswira, na san abin da kowane launi yake nufi. In na zo hutu nakan bi ta layin, kwalta ko'ina, yara a bayan katangu, babu mai baki rawaya a cikinsu. Nakan tsaya in kalli kan ɗorawar da ya leƙo ta saman katanga, in tuna amsar da muka yi damina guda muna haɗawa, wadda har yau zan iya karanto ta tiryan-tiryan. Kaji ne kawai suka taɓa jin ta.